Ramukan Gindin Bango

Ranar da aka binne mahaifiyarsu, tun baƙi ba su gama cin abincin makoki ba, Alwin Kensing ya ɗora gadon yayarsa Ottilie a bayan a-kori-kura. Ya ɗora akwatinta, da keken ɗinkinta, da tukwane biyu. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da butar kofi, tana jiran wani ya ce a dakata. Baƙi suka ci gaba da cin abincinsu. Duk kwarin nan an san al'adar da kakanni suka zo da ita Texas daga ƙasarsu: gida na autan maza ne. Alwin ne auta, ko da yake tun yana ɗan shekara goma sha takwas ya tsere San Antonio sayar da tayoyin mota, ba ya leƙo gida sai Kirsimeti. Ottilie ce ta yi shekara goma sha ɗaya tana juya tsohuwa a kan gado, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki. Al'ada ba ta san da wannan ba.

"Haba Yaya, kin wani ɓata rai kamar kurkuku za a kai ki," in ji Alwin yana ɗaure igiya. "Gidan Lahadi ne fa. Ga coci kusa, ga kanti kusa. Kin huta da warin awaki."

Gidan Lahadi ɗaki ɗaya ne tal a cikin gari, inda iyali kan kwana ranar Asabar don su sami coci da safe. Ba a gina shi don mutum ya tsufa a ciki ba.

Ottilie ta ajiye butar a kan dakali a hankali. Ta juya ta dubi gidan. Kakan mahaifinsu ne ya gina shi shekara ɗari da suka wuce, lokacin da babu kowa a wannan kwari sai shi da matarsa da shanu biyu. Daga tsaunin da ke bayan gida ya yanko duwatsun, irin farin dutsen nan mai laushi da zarto ke ci idan an haƙo shi sabo, sai ya sha iska sannan ya yi ƙarfi. Kaurin bangon ya kai tsawon hannun namiji. Wannan dutse dai aka ƙona aka sami farar ƙasar da aka kwaɓa da yashin rafi aka haɗa ginin. Da Alwin ya gudu birni, ita mahaifinsu Emil ya koya wa aikin. Duk bazara sai ta bi bango tana cike inda ya zube, ta shafe shi da farar ƙasa, har tafin hannunta ya tsattsage.

Ta hau mota ta zauna, ba ta yi kuka ba. A zuciyarta ta yi rantsuwa ɗaya: Alwin ba zai tsufa a cikin wannan gida ba, ko da kuwa gidan ne zai biya.

Shekara ta shida ke nan ana fari, babu ruwan sama. Rafi ya zama hanyar ƙafa, makiyaya na babbake ƙayar cactus, wani tsiron hamada mai ruwa a ciki, suna ba dabbobi. Yaran da aka haifa a shekarun nan ba su san yadda taɓo yake ba, manya ma sun fara mantawa.

Da bazara ta kama, ran nan da hantsi, sai ga Alwin a gidan Lahadi, ya sha sabuwar hula, yana riƙe da tsiran alade a takarda.

"Ga wannan in ji matata, ta ce a gaishe ki." Ya zauna tun ba a ce ya zauna ba. "Yaya, wahalar nan da kike sha kowace shekara da buroshi ta ƙare. Na samo magina daga birni. Siminti za su shafa wa gidan, daga tushe har rufi. Sau ɗaya an gama, har jikokina."

Ottilie ta ci gaba da fere dankalinta. Ta san abin da siminti ke yi wa farin dutse. Farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, ya sha ruwa ya fitar. Siminti kuwa rufe shi yake yi ruf, abin da ya shiga ba ya fita.

"Abu ɗaya shugaban maginan ya ce in tambayo," Alwin ya ci gaba. "Akwai wasu ramuka a gindin bangon arewa, guda bakwai, kowane hannu zai shiga. Ya ce ko suna da wani amfani. Ni na ce masa ƙofar macizai ce. Shekaranjiya ma an kashe ɗaya a kicin, matata ta kusa suma. Ke kin daɗe a gidan, na mene ne?"

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta tuna mahaifinsu durƙushe a wurin, yana zura sanda yana fito da ganye da gidan zanzaro. A shekarun da sama ta yi kirki, wata maɓuɓɓugar ruwa takan farka a ƙarƙashin tsauni ta gangaro ta bayan bangon arewa, kuma ta waɗannan ramuka take fita ta wuce lambu. Alwin ya gani yana yaro, har ya yi wasa da ruwan. Amma shekara talatin na birni da shida na fari sun share masa kai.

Kalma biyu kawai za ta faɗa gidan ya tsira. Ta dubi sabuwar hularsa, ta dubi tsiran da ya kawo mata, na aladun da ita ta yi kiwo.

"Tsofaffi ne suka bar su," ta ce. "Ka san su da barin aiki rabi. Toshe su."

"Ai na faɗa!" Ya buga cinya yana dariya. "Na ce Yaya za ta sani. Ashe dai kin huce."

"Na huce mana. Me ka yi mini?"

Bayan fitarsa ta ga ta fere dankali ɗaya har ya koma kamar ƙwan tantabara.

Ba a yi mako biyu ba labari ya iso gari. Wanda ya kawo mata shi tsohon magini ne, Kuno, abokin mahaifinta, wanda ya haura saba'in, gidansa na kallon nata. Ya shigo yana dogara sanda, lofe a baki, ko sallama bai yi ba.

"Ke 'yar Emil! Kin ji abin da sakaran ƙanenki ya yi? Na wuce ta can jiya. Sun mayar da gidan kamar tankin wankan shanu. Toka-toka, sumul. Har ramukan ruwa sun liƙe! Na ce wa shugabansu, kai yaro, uban wa ya koya maka gini? Ya ce wai mai gida ya tambayi wadda ta sani."

"Zauna Kawu, ga kofi."

"Ba kofi ya kawo ni ba." Ya zauna, ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta ta saman kofin. "Wadda ta sani. Mutum nawa suka sani a duniyar nan? Ni, da ke, da Emil da ke kabari."

"To sai ka je ka tambayi na kabarin."

"Kai! Ottilie, ke ce?"

"Gidansa ne, Kawu. Kana wurin aka ce nasa ne. Kana zaune kana cin kek ɗin da na gasa, aka fitar da gadona ta gabanka, har ka janye ƙafa don su wuce."

Tsohon ya ajiye kofin. Kunnuwansa suka yi ja.

"Al'ada ce, 'yata."

"Ni ma al'ada na bi. Mace ba ta sa baki a ginin gidan maza."

"Yanzu in na hau motata na je na faɗa masa fa?"

"Je ka. Ka ce masa ya fasa simintin da ya gama taƙama da shi a ƙofar coci. Ka ce masa ruwa zai zo. Ka ga ko akwai wanda zai yarda da kai a ƙasar nan cewa akwai wani abu wai shi ruwa."

Kuno ya je. Ya dawo da yamma yana huci. Alwin ya ba shi giya mai sanyi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa zamanin jakuna ya wuce, kuma idan ruwa ya zo har ya dami bango, shi zai yanka sa ya ciyar da gari don murna.

"Ya ce mini tsohon agogo," in ji Kuno. "Ni! Ni na sassaƙa dutsen kabarin ubansa."

"Sha kofinka, Kawu."

Tun daga nan Ottilie ta zama ba ta fashin addu'ar roƙon ruwa. Duk Laraba fasto kan tara jama'a a coci, maza riƙe da huluna, mata na share hawaye, ana roƙo saboda awaki da gonaki. Tana layin gaba, muryarta ta fi ta kowa. Matan gari suka riƙa cewa, dubi baiwar Allah, ba ta da ko akuya ɗaya yanzu, amma ta fi masu garke naci. Ita kaɗai ta san abin da take roƙo. Wani lokaci kunya takan kama ta a tsakiyar waƙa, ta ji kamar kowa na ganin cikinta. Sai ta hango Alwin a layin maza, ta ɗaga murya.

Shekara guda cur ta yi tana duban sama.

Ruwan ya zo a watan Afrilu na shekara ta bakwai, kuma da ya zo bai san tsayawa ba. Mutane suka fito titi suna rawa a jiƙe. Rafi ya cika ya tafi da gada biyu. Ottilie ta tsaya a ƙofarta, ruwa na dukan fuskarta, tana ganin abin da ke faruwa mil goma sha biyu daga nan kamar tana wurin: maɓuɓɓugar ta farka, ta gangaro, ta iso inda ta saba fita, ta tarar an rufe. Ba ta da wurin zuwa sai cikin dutse.

Alwin ya yanka sa kamar yadda ya yi alkawari. Ya aiko mata da cinya. Ta ba Kuno.

Da rani matar Alwin ta fara ƙorafi a wurin ɗinkin mata, wai kayan cikin kabad suna funfuna, wai ɗakin arewa na warin rijiya, yarinyarsu ƙarama ba ta rabuwa da tari. Wannan na ƙarshe ya tsaya wa Ottilie a rai. Ta dafa maganin tari da zuma ta aika, ta ce a mayar da yarinyar ɗakin kudu, can rana ta fi shiga. Aka mayar. Game da bango ba ta ce komai ba.

"Kin ga yarinya kin ji tausayi," Kuno ya ce mata. "Gidan fa? Shi ba ɗan uwanki ba ne?"

"Shi ya fi kowa sanin abin da aka yi mini."

A watan Janairu iskar arewa ta sauko. Kwana uku ruwa na daskarewa a bokiti. Dutsen da ya sha ruwa wata tara ya daskare tun daga cikinsa, ya kumbura, siminti ya riƙe shi ta waje. Rana ta huɗu gari ya sake, rana ta fito. Wajen ƙarfe goma na safe, iyalin Alwin na kicin suna karyawa, bangon arewa ya buɗe ya zube cikin lambu.

Kuno ne ya kai ta a tsohuwar motarsa. Ta sa baƙar rigarta ta coci. Ta yi shekara biyu tana shirya yadda za ta ji a wannan rana, kuma da suka sha kwanar ƙarshe ta hango gidan, abin da ta shirya ɗin ya zo: wani daɗi mai zafi ya taso mata daga ciki har maƙogwaro. Ba ta kore shi ba.

Sai da ta sauka ta zagaya baya sannan ta ga ɓarnar. Ɗakin arewa a buɗe yake kamar an yanka burodi. Rufin ya sunkuyo. Siminti ya ɓare falle-falle, kowane falle ya tafi da fuskar dutse manne a jikinsa. Ta tsuguna ta ɗauki wani dutse da ta sani, na kusurwa, wanda ta shafa wa farar ƙasa sau talatin. Ta matsa shi da yatsa. Ya marmashe kamar jiƙaƙƙen gari.

Alwin na zaune a kan kututture, babu hula, ƙura ta yi masa furfura. Matarsa da yara sun riga sun tafi gidan iyayenta. Ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashin tarin duwatsun, ya yi 'yar hanya, ya bi ta tsakanin takalmansa ya nufi lambu. Shi yake kallo.

"Na tuna," ya ce, bai ɗago ba. "Da safen nan na tuna. Ina sa jirgin takarda a nan, Baba na yi mini tsawa." Sai ya ɗago. "Kin sani, Yaya."

"Na sani."

"Na zo har ɗakinki na tambaye ki."

"Ka zo. Da tsiran aladuna."

"Da yarana na ciki fa? Da dare ne abin ya faru fa?"

"Wa ya ce a fitar da yarinya daga ɗakin?"

Ya miƙe tsaye. Kuno ya matso da sandarsa, amma Alwin bai ɗaga hannu ba.

"Shekara ɗari gidan nan na tsaye," ya ce. "Ni jahili ne, na yarda. Ban sani ba na yi. Ke kin sani. Ke kika kashe shi, ba ni ba."

"Haka ne," in ji Ottilie. "Kai kuma ka san wadda ta wanke uwarka shekara goma sha ɗaya. Ka sani ka yi. Ko makokin ba ka bari an tashi ba, Alwin. Kofi na hannuna."

Ya dubi Kuno kamar mai neman agaji.

"Kada ka dube ni, ɗan birni," in ji tsohon. "Ni tsohon agogo ne."

Kuno ya bar su ya bi sauran bangaye uku yana ƙwanƙwasa siminti da kan sandarsa, yana kasa kunne. Inda dutse ke da rai ƙarar takan fito tsaf. Inda ya ruɓe sai ta yi kamar an bugi ganga. Ya daɗe. Da ya dawo ya cire lofensa.

"Na yamma ya tafi har tsayin taga. Na gabas rabi. Na kudu ne kawai lafiya. In ba a ɓare wannan ƙazanta kafin wani sanyin ba, baɗi babu gida." Ya dubi Alwin. "Kuma ba da inji ba. Da hannu, kaɗan-kaɗan, guduma da haƙuri. Sannan a haƙo sabon dutse, a ƙona farar ƙasa, a jiƙa ta wata uku. Maginanka na birni ba su iya ba. Ni kuwa hannuna ya mutu. Mutum ɗaya ya rage a ƙasar nan."

Babu wanda ya dubi Ottilie, amma ita ake nufi.

Alwin ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ƙofar gaba, babban nan na baƙin ƙarfe. Bai miƙa mata ba. Ya jefa shi a taɓo a gabanta.

"Ga shi nan. Ki ci kufai. Matata ta ce ko an gyara ba za ta sake kwana a ciki ba. Mun koma San Antonio."

"A rubuce nake so ka bar mini gidan. Gaban alƙali, ranar Litinin."

"Yaya, ko yanzu ba ki ƙoshi ba?"

"Ranar Litinin."

Sai ya juya ya nufi motarsa. Can ya waiwayo, murya ƙasa-ƙasa.

"In kina so in zo ranakun Asabar in kama miki ɗaukar dutse..."

"Kada hannunka ya sake taɓa bangon nan."

Motar ta tashi, ta bi hanyar rafi, ƙararta ta ɓace.

Ottilie ta ɗauki makullin ta goge shi a jikin baƙar rigarta. Ta dubi abin da ta samu: ɗaki biyu masu rai, biyu matattu, rufi a karkace. Shekararta hamsin da huɗu.

"To, 'yar Emil, kin yi nasara," in ji Kuno. "Yaya ɗanɗanonta?"

"Da ɗaci, Kawu. Amma tawa ce." Ta naɗe hannun riga. "Itace amalanke nawa za mu ƙona?"

"Mu? Ni da wa? Yarinya, ni saura ƙiris a sassaƙa nawa dutsen."

"Zama kawai za ka yi kana zagina. Ka iya wannan."

"Goma sha biyu," ya ce yana gunaguni. "Busasshe. Kuma ba za ki gama ba kafin ki mutu."

Ta shiga rumfar kayan aiki ta tarar da gudumar mahaifinta da ƙarfensa na sassaƙa a inda ta bar su, sun yi tsatsa. Ta fito ta tsaya gaban bangon yamma, ta nemi wata 'yar tsaga a simintin, ta kafa bakin ƙarfe ta buga. Sau uku ta buga kafin falle ɗaya mai faɗin tafin hannu ya saki ya faɗo. Dutsen da ke baya ya yi duhu, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa. Ta ɗora tafinta a kai, sanyinsa ya ratsa ta har kafaɗa. Ta ce wa dutsen wani abu a hankali, wanda Kuno bai ji ba, bai kuma tambaya ba. Sannan ta matsa gaba kaɗan ta sake kafa ƙarfen.